Ƙidayar Saukewa Ba Ƙidayar Mutane Ba Ce

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili kaɗan in yi magana da malamai da akawuna bisa wata ƙidaya da a ke kafa hujja da ita wajen zaɓen abin da za a koya wa yara.

Akwai harsunan da a ke ba kwamfuta umurni da su, waɗanda masu su suka bari a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta, ya duba cikinsu, ya gyara. Python na cikinsu, wanda Guido van Rossum, mutumin Holan, ya fitar a 1991, da kuma R, na masu lissafi. Tun da ba saye a ke yi ba, babu rasit, babu littafin ciniki. Sabo da haka in an so a nuna farin jinin harshe, sai a ce an sauke shi daga intanet sau miliyan kaza.

To, jama'a, me aka ƙidaya? Na'ura ba ta san mutum ba, saukewa kurum ta ke ƙirgawa. Kamfanoni da yawa sun ɗora kwamfutocinsu bisa aikin gwaji, ko yaushe aka canja layi guda cikin aiki sai su sake sauko da kayan duka tun daga farko, sau da yawa a yini, ba hannun ɗan Adam a ciki. Duka sai a rubuta. Kamar a tsaya bakin rijiya ne a ƙirga guga, a ce yawan mutanen gari ke nan.

Wani sa'i kuma ƙidayar ta kan gaza. Malami ya sauke R sau ɗaya, ya zuba wa kwamfutoci arba'in na makarantarsa, an rubuta ɗaya. Wanda ya sa Ubuntu a kwamfutarsa ya tarad da Python a ciki, shi ba a ko rubuta shi ba. Rumbun R kuwa, watau CRAN, yana da rassa barkatai cikin ƙasashe, amma lissafin da aka fi yawo da shi na reshe guda ne, na kamfanin RStudio wanda ya koma Posit a 2022, kuma daga 2012 ya fara.

Abin da ya fi ba ni mamaki, masu rumbun kayan Python, watau PyPI, su da kansu ba su nuna wannan ƙidaya a shafinsu, don sun san ba ta da tabbas. Wanda duk ya kawo wa hukumar makaranta irin wannan lissafi, ina roƙo a tambaye shi reshen da aka ƙidaya, da ko an fid da rabon na'urori.

Haza wasalam.