Juya Rubutu da Kalmomi Masu Kai Biyu a Aikin Kwamfuta

Akwai kalmomi waɗanda ko ta gaba aka karanta su ko ta baya, ba su sākewa. Masana suna kiransu falindirom, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar sake gudu da baya. A nan za mu ce da su kalmomi masu kai biyu. Misalansu a Hausa su ne uku, aya, amma, da alala. Da yake galibin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, irin waɗannan ma da wasali suke farawa a rubuce.

Hanya biyu ake bi a sa kwamfuta ta gane su. Ta farko, a juya kalmar duka, a gwada ta da ta asali. Ta biyu, a gwada harafin farko da na ƙarshe, a riƙa matsowa tsakiya. Da zarar biyu sun saɓa, sai a tsaya. Wannan ta fi sauƙi, gama gwajinta ba ya wuce rabin yawan haruffan.

To, amma mene ne harafi? Nan ne wuyar take. Tsarin ASCII alamomi 128 ke gare shi, ba ɓ, ba ɗ, ba ƙ. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba su wuri, amma a cikin UTF-8 kowannensu bayit biyu yake ci. In aka juya bayit maimakon harafi, sai ƙ ta tarwatse, rubutu ya lalace.

Haka kuma sh da ts, kowanne sauti ɗaya ne mai alama biyu. Dubi "a sha": in aka cire tazara, mai kai biyu ce ga Bahaushe, amma na'ura "ahsa" za ta fitar. Abin da Nijeriya ke rubutawa 'y, da alama biyu, Nijar ƴ take rubutawa, da alama ɗaya.

Furuci kuwa wani abu ne dabam. Wasalin farko na amma gajere ne, na ƙarshe dogo, kuma akwai hamza a farkonta wadda boko ba ya nunawa. Ashe kai biyun na rubutu ne, ba na baki ba. Saboda haka lalle ne malami ya koya wa ɗalibi ya rarraba kalma bisa haruffan Hausa tukuna, kāna ya umarci na'ura ta juya ta.