Daria Kashcheeva: Matashiyar da ta sa 'yan tsanan takarda suka kai ga gasar Oscar

A cikin nau'o'in fim babu mai cin rai kamar na 'yan tsana. Mai shirya shi yakan ajiye 'yar tsana a gaban kyamara ya ɗauki hoto ɗaya, ya gusa hannunta ko kanta ɗan kaɗan, ya sake ɗauka. Sai an jera hotuna 12 zuwa 24 kafin a samu motsin daƙiƙa guda. Ke nan fim mai tsawon minti 15 na bukatar hotuna sama da 10,000, kowanne da hannu aka shirya shi.

Saboda haka ne masu wannan sana'a suka daɗe da wata ƙa'ida: kyamara ba ta rawa. Akan kafe ta wuri ɗaya, ko a tura ta sannu a kan dogo, domin ko yaya ta goce, aikin yini guda na iya lalacewa. Wannan ƙa'ida ce Daria Kashcheeva ta karya tun tana ɗaliba, kuma karya ta ne ya fito da sunanta.

An haife ta a 1986 a Dushanbe, babban birnin Tajikistan. Ta karanci aikin sarrafa sauti a Mosko, daga bisani ta koma birnin Prague ta shiga makarantar koyon fim ta FAMU. Ba ƙaramin wuri ta zaɓa ba, domin ƙasar Czech gidan fim ɗin 'yan tsana ce tun zamanin Jiří Trnka.

A 2019 ta fitar da Dcera, wato Ɗiya. Labarin wata mata ce zaune a gefen gadon mahaifinta a asibiti. Wani tsuntsu ya bugi gilashin taga, sai ta tuna ranar da tana ƙarama ta kawo wa uban tsuntsun da ya ji rauni, tana neman ya rarrashe ta, shi kuwa hankalinsa na kan girki. Daga nan aka yi ta nisa da juna. Babu mai furta kalma ko ɗaya har fim ɗin ya ƙare.

Da jiƙaƙƙiyar takarda da gam ta gina 'yan tsanan, ta bar fuskokinsu da kaushi, ba ta goge ba. Idanun kuwa fenti ne take sake zanawa a kan fuskar yayin ɗauka. Sai babban abin: ta so mai kallo ya ji kamar wani ne ke riƙe da kyamara a kafaɗa yana bin mutanen nan, irin yadda ake gani a finafinan Lars von Trier da 'yan'uwan nan Dardenne. Da yake ba a iya riƙe kyamara a hannu a irin wannan aiki, dole ta ƙirƙiri rawar da kanta, tana gusa kyamarar kaɗan-kaɗan tsakanin hoto da hoto, tana kuma barin hoton ya dushe ya dawo. Aiki ya ninku, amma takarda ta koma tamkar mutum mai numfashi.

Fim ɗin ya ci kyautar ɗalibai a bikin Annecy na Faransa, ya ci Oscar ta ɗalibai a 2019, sannan kyautar alƙalai a bikin Sundance a 2020. A shekarar ya shiga jerin biyar ɗin ƙarshe na babbar Oscar, inda Hair Love ya yi nasara.

Ba ta maimaita salon da ya karɓe ta ba. A fim ɗinta na gaba, Electra, wanda aka fara nunawa a Cannes a 2023, ta haɗa 'yan tsana da mutane na gaske, tana motsa 'yan wasan hoto bayan hoto kamar su ma tsana ne. Ya ci kyautar gajeren fim a bikin Toronto na wannan shekarar.