3.4 Matsalolin Hanyoyin Jini Bayan Tiyatar Jijiyar Gwiwa

A wannan sashe za a dubi wasu matsaloli da ba kasafai suke aukuwa ba bayan an yi wa mutum tiyatar sauya jijiyar da ke ɗaure gwiwa. Bahaushe yana kiran abin da ke ɗaure gaɓa da abin da ke ɗaukar jini duka da suna jijiya. Saboda haka, a nan za a kira na farko jijiyar ɗauri, na biyu kuma hanyar jini.

Tun a shekarar 1917 likita Hey Groves na ƙasar Ingila ya bayyana yadda ake wannan aiki. Akan huda ƙashin cinya da na ƙwauri, a zura sabuwar jijiya, sannan a kafe ta da ƙusa. Haɗarin shi ne babbar hanyar jinin da ke ciyar da ƙafa ta bi ta bayan gwiwa ne, dab da ƙashi. Idan abin hudar ko ƙusar ya zarce, yana iya yankar ta.

Matsalolin sun kasu kashi uku. Na farko, yankewa ko toshewar babbar hanyar jinin, inda ƙafa kan yi sanyi, ta koɗe, ta mutu da jin taɓi, bugun jini kuma ya ɓace. Na biyu, ƙaramar ɓula wadda jini ke tsiyaya ta cikinta ya taru ya zama kumburi mai bugawa, wanda kan ɗauki kwanaki ko makonni kafin ya bayyana. Na uku, daskarewar jini a sha-raɓa, wanda gudansa kan iya ɓallewa ya toshe huhu.

Abin lura a nan shi ne, ciwo da kumburi abubuwa ne da aka saba gani bayan kowace tiyata, don haka majiyyaci kan yi ta haƙuri alhali ƙafarsa tana cikin haɗari. Idan jini ya yanke wa ƙafa fiye da awa 6, tsoka kan fara mutuwa, har ta kai ga yanke ƙafar. Da zarar an ga waɗannan alamomi, wajibi ne a koma asibiti nan take, a duba gudun jini da na'urar Dofla, a ɗinke ɓular ko a yi wa hanyar ƙari da wata da aka ciro daga ƙafar majiyyacin.