Kifaye 12 muka sayo a Sabha, 4 suka rayu: abin da ya kashe sauran

Ranar Lahadi da safe, ko jakata ban ajiye ba, wata ɗalibata 'yar shekara tara ta tare ni a bakin ƙofar aji. "Malam, Ango ya kwanta a ƙasa, ba ya motsi." Ango shi ne namijin kifin da ya fi sauran kyan wutsiya, ja da ruwan lemo, yara ne suka raɗa masa sunan. Da na leƙa akwatin gilashin sai na ga ba shi kaɗai ba ne. Uku ne kwance a kan tsakuwa, sauran kuma sun taru a saman ruwa suna buɗe baki kamar masu haki. Kwana biyar ke nan da sayo su.

Ni malamin firamare ne a Tamanhint, garin da ke da tazarar kimanin kilomita 30 daga Sabha, wanda aka fi sani da filin jirgin saman soja. Da yawa daga cikin yaran ajina 'ya'yan Hausawa ne, iyayensu daga Damagaram, Agadas, Maraɗi ko Kano, amma su a nan Fezzan suka buɗe ido. Kifin da suka sani shi ne tuna na gwangwani da ake cusawa cikin burodi da harisa. Da muka zo darasin dabbobin ruwa, wani yaro ya tambaye ni ko kifi yana rufe ido idan zai yi barci. A ranar na yanke shawarar kawo masu kifi mai rai. Iyaye suka taimaka da abin da ya sawwaƙa, na cika sauran daga albashina, na shiga Sabha na sayo akwatin gilashi mai cin lita 60, da injin tace ruwa, da kifaye 12 irin waɗanda ake kira gupi, masu shago kuma suke ce masu jubi.

Kifin da aka ce ba ya mutuwa

Na zaɓi gupi ne don kowa ya ce shi ne mafi sauƙin kiwo. Ɗan ƙaramin kifi ne, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, asalinsa daga arewacin Kudancin Amurka da tsibiran da ke kusa, irin su Benezuwela da Tirinidad. Wani masani Bajamushe mai suna Wilhelm Peters ne ya fara bayyana shi a 1859, amma sunan ya samo asali daga Robert Lechmere Guppy, wanda ya aika da samfurinsa daga Tirinidad zuwa Landan a 1866. An kai shi ƙasashe da dama don ya cinye tsutsar sauro. Abin da ya fi jan hankalina a matsayin malami shi ne ba ya yin ƙwai a waje kamar tarwaɗa ko karfasa: macen haihuwa take yi, bayan ciki na kusan wata guda.

To, kifin da ke rayuwa a kwatami da kududdufi, me zai same shi a cikin gilashi mai tsabta? Haka na raya a zuciyata. Na cika akwatin da ruwan famfo da rana, da la'asar na juye kifayen duka a ciki.

Kowa ya zama likita

Bayan mutuwar ukun farko, shawara ta yi ta zuwa. Kakar wani yaro ta aiko a gaya mani cewa baki ne, yara sun cika yabon kifin. Wani abokin aikina ya ce yunwa ce, tunda Juma'a da Asabar babu makaranta. Ni kuwa na kira mai shagon, ya ce cuta ce, in zo in karɓi magani. Na koma Sabha na karɓo wata kwalbar magani shuɗi, na ɗiga kamar yadda ya ce. Ruwan ya koma kalar bula. Ranar Talata wasu biyu suka bi.

Abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne. Yaran sun fara shigowa aji suna ƙirga kifi kafin su gaishe ni. Ɗaya daga cikinsu ta ce, "Malam, mu muka kashe su ko?" Na rasa amsa, domin ni kaina ban sani ba. Dabbar da ka kulle a gilashi, cinta da shanta da numfashinta duk a hannunka suke, amana ce.

Sai wani maƙwabcina da ya karanta kimiyyar halittu a Jami'ar Sabha, wanda kuma ya daɗe yana kiwon kifin ado a gida, ya zo ya duba. Bai tambaye ni sunan maganin ba. Tambaya uku ya yi mani: kwana nawa akwatin ya yi da ruwa kafin kifi su shiga? Sau nawa ake ba su abinci? Zafin ruwan nawa ne da asuba? Ta farko na ce awa huɗu. Ta biyu yara suka amsa: ashe ranar Alhamis kowa ya barbaɗa masu abinci don kada su ji yunwa a hutun mako. Ta uku kuwa ko ma'aunin zafi ba ni da shi.

Gubar da ido ba ya gani

Ya fito da kayan gwajin ruwa, ƙananan kwalabe da ake ɗigawa a ga launi. Sinadarin amoniya ya fito sama sosai, alhali a akwatin kifi sifili ya kamata ya nuna.

Bayanin da ya yi mani shi ne darasin da ya kamata in fara da shi. Kifi yana fitar da amoniya daga jikinsa, ragowar abinci ma idan ya ruɓe amoniya yake zama. A kogi ruwa yana tafiya da ita. A akwati kuwa wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne ke zama cikin soson injin tace ruwa, su mayar da amoniya zuwa naitarayit, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su mayar da shi naitaret, mai sauƙin illa, wanda ake ragewa ta hanyar canjin ruwa. Waɗannan ƙwayoyin ba sa zuwa a kwali tare da injin. Sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da za su iya aikin. Ni kuwa na zuba kifi 12 a akwatin da babu su, yara suka ƙara da abinci.

Amoniya tana ƙona wurin numfashin kifi da ke gefen kansa, shi ya sa suke haki a sama. Ruwanmu na nan na ƙarƙashin ƙasa ne, irin mai barin farin dabbare a cikin butar shayi. Gupi yana son irin wannan ruwa, amma a cikinsa amoniya ta fi dafi. Shi kuma maganin shuɗin, ko da yake yana da amfani a inda ya dace, yana kashe ƙwayoyin nan masu amfani. Wato da hannuna na ƙara dagula lamarin.

Sai batun sanyi. Gupi yana son ruwa mai zafin digiri 22 zuwa 28. Watan Disamba muke ciki, kuma duk wanda ya kwana a Fezzan da hunturu ya san yadda dare ke yi. Da muka sa ma'auni, ruwan ya nuna 17 da sassafe. Ga ɗauke wuta, wanda idan ya daɗe injin ya tsaya, iska ta ragu a ruwan.

Abin da muka yi ba shi da tsada. Mun daina ba da abinci kwana biyu, daga nan sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti ɗaya ko biyu. Kullum muna kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan mu zuba sabo mai zafi daidai da na ciki, bayan an ɗiga maganin kashe kulorin. Na sayi na'urar ɗumama ruwa, da dare kuma muna lulluɓe akwatin da bargo. Maƙwabcin ya ba mu guntun tsohon soso daga nasa injin, don ƙwayoyinsa su zama iri. Ya kuma hana mu wanke soson da ruwan famfo, sai da ruwan da aka ɗebo daga akwatin. Duk da haka ɗaya ya ƙara mutuwa, saura shida.

Sannan cutar gaskiya ta iso

A mako na biyu, muna murna haki ya tsaya, sai yara suka lura kifayen suna goga jiki da tsakuwa. Washegari ƙananan ɗigo farare suka bayyana a wutsiya da fukafukai, kamar an barbaɗa gishiri. Wannan ita ce cutar farin ɗigo. Wata ƙwayar halitta ce mai shiga ƙarƙashin fatar kifi, takan zo tare da sababbin kifaye daga shago, ta yi galaba idan sanyi da mugun ruwa sun raunana su.

A nan ne na fahimci amfanin kallo da kyau kafin magani, domin cututtukan gupi biyu suna kama da juna amma maganinsu ya saɓa. Idan ɗigon daban-daban ne, kowanne kamar ƙwayar gishiri, farin ɗigo ne, kuma ana ɗaga zafin ruwa sannu a hankali zuwa 28 ko 30 don ƙwayar ta yi saurin barin jikin kifin, tunda magani ba ya samunta sai ta fito tana yawo a ruwa. Idan kuwa farin shafe yake kamar auduga a baki, ko kamar sirdi a gadon baya, wutsiya kuma tana zagwanyewa, to bakteriya ce da ake kira kolumnaris. Ita zafi ƙara mata gudu yake, tana iya share akwati cikin kwana biyu. Wanda ya ɗaga zafi a kanta ya taya ta aiki. Akwai kuma ta uku da ake yawan gani a gupin shago: jajayen tsutsotsi kamar zare suna leƙowa ta duburar kifin, yana ci yana ramewa. Wannan sai maganin tsutsa, gishiri da zafi ba sa yi mata komai.

Namu farin ɗigo ne. Muka ɗaga zafin a hankali cikin kwana biyu, muka narkar da gishiri giram 2 a kowace lita, abin da gupi ke jurewa, muka ci gaba da canjin ruwa muna zuƙe dattin ƙasa. Ɗigon ya ɓace a kwana na biyar, amma muka ci gaba har mako biyu, domin ɓacewarsa daga jiki ba ya nufin ya bar ruwan. Biyu mafi rauni ba su kai ba. Huɗu suka tsira, mata uku da namiji ɗaya.

Ga wanda zai saya

Idan kana shirin sayen gupi a Sabha ko Agadas ko Kano, fara sayen akwatin, ka bar kifin sai bayan wasu makonni, ko ka roƙi tsohon soso a wurin mai kiwo. A shago ka tsaya ka kalli akwatin minti biyar: idan akwai matacce a ciki, ko mai naɗe wutsiya yana karkaɗa jiki a wuri ɗaya, ka haƙura da wannan zubin. Ka fara da uku ko huɗu. Da ka iso gida ka ɗora ledar a kan ruwan kamar minti 20 don zafin ya daidaita, kuma kada ka juye ruwan shago cikin naka. Idan kana da kifi a gida, sababbin su zauna daban mako biyu zuwa huɗu. Ranar da kifi ya mutu, ka gwada ruwa ka duba zafi kafin ka nemi kwalbar magani.

Na amsa wa ɗalibata tambayarta a gaban aji. Na ce abincin da suka zuba ya taimaka, amma babban laifin nawa ne, ni da na yi gaggawa ban tambaya ba. Yanzu akwai littafi a gefen akwatin. Kowace safiya yaro ɗaya yana rubuta zafin ruwa da adadin kifi, shi kaɗai kuma ke ba da abinci a ranar. A tsakiyar Fabrairu wanda ke kan aiki ya rubuta 26, ya rubuta 4, sannan ya goge ya kira ni. A bayan injin, tsakanin tsakuwa, akwai wasu ƙananan abubuwa masu manyan idanu suna motsi. Mun ƙirga 11, muka raba su da iyayen a wani bokiti mai ɗumi, domin gupi yana cin 'ya'yansa.