2.3 Binciken Koyo ta Hanyar Cuɗanya a Intanet

Masu iya magana kan ce, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wannan karin magana ya yi daidai da ra'in da Jean Lave da Etienne Wenger (1991) suka gabatar, inda suka nuna cewa mutum kan koyi abu ne ta hanyar shiga cikin masu yin sa, ya faro daga gefe har ya kai tsakiya. Daga cikin misalan da suka kawo akwai telolin ƙabilun Vai da Gola na ƙasar Laberiya. A wurinsu ɗan koyo yakan fara da ƙananan ayyuka kamar sa maɓalli da kalmasa bakin tufa, sannan ya kai ga ɗinki. Yankan yadi kuwa sai daga ƙarshe, domin kuskure a nan ya fi jawo asara.

Bayan yaɗuwar intanet, manazarta sun ɗora wannan ra'i a kan jama'ar da ke haɗuwa ta kwamfuta. Bryant da Forte da Bruckman (2005) sun yi hira da mutane 9 masu rubutu a kundin Wikipedia, wanda aka kafa a shekarar 2001. Sun gano cewa sabon shiga yakan fara da gyara ƙananan kurakurai a fannin da ya sani. A hankali sai ya riƙa sa ido a kan ayyukan wasu, yana shiga muhawara, har ya ɗauki kansa a matsayin mai kula da kundin baki ɗaya.

Idan aka lura, abin da mai bincike zai auna shi ne yadda matsayin mutum ke sauyawa a cikin jama'ar. Saboda haka takardar tambayoyi ta rana ɗaya ba za ta wadatar ba. Dole ne a daɗe ana lura, a kwatanta aikin mutum na farko da na baya, sannan a yi hira da shi.

Sai dai akwai matsaloli guda biyu. Ta farko ita ce ta masu karatu ba tare da cewa uffan ba. Jakob Nielsen (2006) ya ƙiyasta cewa irin waɗannan sukan kai kashi 90 cikin 100, masu tsoma baki jefi-jefi kashi 9, masu yawan rubutu kuwa kashi 1 kacal. Wanda ya dogara ga rubutu kaɗai zai tsallake mafi yawan masu koyo. Ta biyu ita ce amana. Kafin a ɗauki maganar wani a sa a bincike, wajibi ne a nemi izininsa, a kuma sakaya sunansa, domin ana iya gano mai magana idan aka nemi kalmominsa a intanet.