Kuɗin shiga tsakiyar birni

Direban da ya taso daga Dakwaro za shi Maraɗi yakan tsaya a shinge ya biya kuɗin hanya. Da kuɗin nan ake gyaran hanyoyi. A wasu manyan birane kuwa, ana sa kuɗi ne don a rage motoci.

Ga misalin Landan, babban birnin Ingila. Motoci sun yi yawa har tafiya ta gagara. A shekarar 2003, hukumar birnin ta ce motar da ta shiga tsakiyar gari ranar aiki sai ta biya fam 5. Babu shinge. Na'urar ɗaukar hoto ce ke karanta lambar mota. Wanda bai biya ba, a ci shi tara.

Akwai kuma hayaƙi. A 2013, ciwon fuka ya kashe wata yarinya mai shekara 9 a Landan. Daga baya kotu ta tabbatar da cewa gurɓatacciyar iskar hanya tana cikin sanadin mutuwarta. Tun 2019, tsohuwar mota mai hayaƙi tana biyan wani kuɗi dabam. A 2023 dokar ta game birnin duka. Talakawa sun koka, don ba su da kuɗin sabuwar mota.

Yara, tsofaffin motocin Turai da yawa nan suka zo, ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Hayaƙinsu mu ke shaƙar shi.

Tambaya: Ranar kasuwa, ina hayaƙi ya fi yawa a garinku?