An Gwada Jirgin Agege Kafin A Ɗauki Jama'a

Duk mutumin Arewa da ke zaune a Agege ya san wahalar hanyar Ikko. Mai zuwa kasuwa Oyingbo yakan fita tun asuba, amma cunkoson motoci ya riƙe shi a Oshodi har rana ta take. Don rage wannan wahala ne Gwamnatin Jihar Legas ta kawo jirgin ƙasa na cikin gari wanda ake kira Jan Layi, mai tafiyar kilomita 27 daga Agbado zuwa Oyingbo, ta Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba.

Shugaba Bola Tinubu ya buɗe layin ran 29 ga Fabrairu, 1924 ta cika shekara ɗari, watau 2024, amma ba a fara sayar da tikiti ba sai ran 15 ga Oktoba. Mutane da yawa sun yi ta gunaguni a kan wannan jinkiri. To, dalilinsa gwaji ne.

A ƙa'idar aikin reluwe, sabon jirgi sai ya yi ta kai da komo babu kowa a ciki. Injiniyoyi su auna nisan da yake ci kafin ya tsaya idan an taka birki, su duba ƙofofi da fitilun sigina, su kuma ga ko ya daidaita da dakalin tasha. Bayan haka hukumar LAMATA ta gayyaci mutane kaɗan kaɗan suka hau, don direbobi da ma'aikatan tasha su saba da jama'a.

Abin da ya ƙara wa gwajin nauyi shi ne, dogo ɗaya wannan jirgi yake bi da jirgin Ibadan na Hukumar Reluwe ta Nijeriya. Kuskuren sigina ɗaya ya isa ya jawo asarar rayuka. Ba a manta da ran 9 ga Maris, 2023 ba, lokacin da jirgi ya banke motar ma'aikatan gwamnati a Ikeja, mutum shida suka rasu. Saboda irin wannan ne aka gina gadojin sama a Ikeja, Mushin, Yaba da Oyingbo.

Saura kuma namu. 'Yan'uwa masu baza tumatir, albasa da goro a bakin dogo su ja da baya, a kuma tsawata wa yara. Jirgi ba ya kauce wa mutum. Allah ya kiyaye.